Na'urar da Ke Duban Dajin Falgore Daga Sama

Tun 1972 taurarin ɗan'adam na Landsat ke ɗaukar hoton doron ƙasa, shekara biyu kafin a kammala madatsar ruwan Tiga a Bebeji. Da irin waɗannan hotuna ake gane ko dajin Falgore, a yankin Tudun Wada da Doguwa, yana ƙaranta.

Sai dai na'urar auna haske da ke cikin waɗannan taurari tana tsufa. Landsat 5 ya yi aiki daga 1984 zuwa 2013, kuma a tsawon wannan lokaci ganinsa ya ragu. In ba a gyara lissafin ba, sai a ɗora wa masu sare itace ko fari canjin da na'ura ce ta jawo, ko kuma ɓarna ta gaske ta ɓuya. Tamkar awo ne da mudun da ya lotse, kuma abin damuwa ne ga duk mai kishin dajin.

Don haka ake gwada na'urorin da abin da haskensa ba ya sauyawa: rairayin Sahara a Libiya da Nijar, da kuma farin wata idan ya cika. A Nuwamba 2021 an bi da Landsat 9 ta ƙarƙashin Landsat 8, suka ɗauki wurare ɗaya kusan lokaci guda, aka kwatanta awonsu.