Takardar Likita da Aljihun Maigida

Kowane maigida a Sakkwato ya san wannan tafiya. Yaro ya kwana da zazzaɓi, da safe a kai shi asibiti, a bi layi, a ga likita, a fito da 'yar takarda. Sai an je wurin mai sayar da magani sannan a san nauyinta. Mun sha ganin uwa tsaye gaban kanta tana tambaya, "A cikin biyar ɗin nan, wanne zan bari sai an yi albashi?"

Me ya sa takardar take da tsawo haka? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, idan aka haɗa marasa lafiya aka raba, bai kamata maganin da ake rubuta wa mutum ɗaya ya kai 2 ba, kuma masu samun maganin kashe ƙwayoyin cuta kada su kai 30 cikin 100. Amma mu kanmu muna da laifi. In likita ya ce mura ce, a sha ruwa a huta, sai mu fito muna cewa bai iya aiki ba. Mura irin ta hunturu kuwa ba ta jin amoxicillin ko kaɗan. Allura ma haka: da yawanmu ba mu yarda an duba mu ba sai an soke mu, alhali ƙwaya takan yi aiki iri ɗaya da kuɗi kaɗan.

Sai batun suna. Magani yana da sunansa na asali, yana kuma da sunan da kamfani ya raɗa masa. Panadol dai paracetamol ne. Abin da ke ciki ɗaya ne, kuɗin ne ya bambanta. Tun 1977 Hukumar ta fitar da jerin magungunan da ba a iya yi sai da su, Nijeriya kuma ta kafa dokar nata jerin a 1989, domin a riƙa rubuta sunan asali. Mun ga amfanin wannan a 2023, lokacin da darajar naira ta faɗi, kamfanin GSK kuma ya ce zai daina sayar da kayansa da kansa a ƙasar nan. Augmentin ya yi tsadar da malamin makaranta ba zai iya ba, amma wanda ya san sunansa na asali ya sami na wani kamfani. A dai duba lambar NAFDAC a jikin kwalin, gama araha ba ta ado in jabu ce.

Zazzaɓi kuma ba duka ne na cizon sauro ba. An bar chloroquine a 2005 don ya daina aiki, aka koma magungunan ACT, kuma tun 2010 shawarar ita ce a gwada jini tukuna.

Ma'aikacin da ke cikin inshorar lafiya ta tarayya yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Yawancinmu daga aljihu muke biya duka. Saboda haka kafin mu tashi daga gaban likita, ko a Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo ko a ƙaramin asibitin unguwa, mu tambaye shi da ladabi: wannan na mene ne, kwana nawa za a sha, akwai irinsa mai sauƙin kuɗi? In kuɗin hannu ba zai kai ba, mu faɗa masa tun a nan, shi ya zaɓi wanda za a fara saye.