Wace manhaja ce ke buɗe a cikin ƙwayar cutar maleriya?

Da damina ta kankama a Gusau, Tsafe da Bungudu, za ka ga ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Duk da haka cutar ba ta yankewa. Wani ɓangare na dalilin yana cikin jinin mutanen da ke yawo lafiya lau.

Ƙwayar cutar, Plasmodium falciparum, tana da ƙwayoyin gado sama da 5,000. Ka ɗauke su kamar manhajojin wayarka: duk suna ciki, amma ba duka ke buɗe lokaci guda ba. Yawancin ƙwayoyin cutar hayayyafa kawai suke cikin jini, su ke kawo zazzaɓi. 'Yan kaɗan kuwa sukan kunna wata manhajar gado mai suna AP2-G, su rikiɗe su zama maza da mata. Waɗannan ba sa kwantar da kowa, amma su ne sauro ke zuƙa ya kai cutar gidan maƙwabci.

A da, masana kan haɗa miliyoyin ƙwayoyi su auna a dunƙule. Kamar ka tara datar da duk mutanen Gusau suka ƙona ka raba daidai: tsirarun sun ɓace ke nan. Yanzu na'ura kan kulle kowace ƙwaya ita kaɗai cikin ɗigo, ta manna mata lambar shaida, sannan a karanta abin da ke buɗe a cikinta.

A 2019 cibiyar Wellcome Sanger da ke Ingila ta fitar da taswirar Malaria Cell Atlas da ƙwayoyi 1,787 na maleriyar ɓeraye. A 2024 aka ƙara da na jinin mutum huɗu a Mali, masu ɗauke da cutar ba tare da alamun ciwo ba, bisa haɗin gwiwa da masanan Bamako.

Abin da ya ja ni shi ne, bayanan kyauta ne a intanet, kuma tebur ne kawai na lambobi. Wanda ya iya Python ko R zai iya buɗe su da Scanpy ko Seurat. Na gwada da tsohuwar kwamfutata, ta daskare sau biyu, sai da na rage girman teburin. Daga ƙarshe dai ɗigo-ɗigo suka cika allo, mazan a gefe, matan a gefe.