Ko Kun Sani? Mawaƙin da Ya Zo Aikin Mako Biyu, Ya Shafe Shekara 36

A 1968 otal ɗin Carlyle da ke New York a Amurka ya gayyaci Bobby Short ya riƙe wa makaɗinsu, George Feyer, wuri na mako biyu kacal. Bai bar wajen ba sai 2004.

Short, baƙar fata haifaffen Danville ta jihar Illinois a 1924, tun yana yaro ya koya wa kansa kaɗa fiyano. Sana'arsa ita ce raya tsofaffin waƙoƙin Amurka a ƙaramin zaure, inda masu sauraro ke zaune a teburan cin abinci dab da shi. Hannuwansa na kan fiyano, fuskarsa na wajen jama'a, yana furta kowace kalma dalla-dalla kamar mai hira da mutum guda.

Ya yi suna da waƙoƙin Cole Porter, amma ya dage wajen fito da na baƙaƙen mawallafa irin su Andy Razaf da Fats Waller. Shi ne kuma ya jagoranci fafutukar kafa mutum-mutumin makaɗi Duke Ellington a bakin unguwar Harlem, wanda aka ƙaddamar a 1997. Ya rasu a 2005.