Tokar Buntun Shinkafa da Makamantanta Wajen Ƙarfafa Ƙasar Hanya

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda ake sarrafa tarkacen amfanin gona domin ƙarfafa ƙasar da ake shimfiɗa kwalta a kai. Ƙarkon hanya ba daga kwaltar yake farawa ba, daga ƙasar da ke ɗauke da ita ne. A yankin Dikwa da Gamboru da Numan akwai baƙar laka wadda ake kira firgi a ƙasar Barno. Takan kumbura da damina, da rani kuma ta tsuke ta daddare, duk abin da aka ɗora mata sai ya bi ta ya tsattsage.

Maganin da aka saba shi ne cakuɗa ƙasar da siminti ko gasasshiyar farar ƙasa. Sai dai siminti yana da tsada, kuma masana'antunsa su ke fitar da kimanin kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan'adam ke saki a duniya.

A nan ne buntun shinkafa ya shigo. Buntu ya kai kusan kashi ɗaya bisa biyar na nauyin shanshera, akasari kuwa jibge shi ake yi a bayan injin casa. Idan aka ƙona shi da zafin digiri 500 zuwa 700, tokarsa takan ƙunshi sinadarin silika fiye da kashi 80 cikin 100. Wannan silika, in ta gamu da alli da danshi, sai ta zama wani danƙo mai ɗaure ƙwayoyin ƙasa. Idan wuta ta zarce ƙima kuwa, silikar takan ƙanƙare, amfaninta ya ragu ƙwarai. Masana a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun jarraba tokar tuƙar rake da ta ɓawon ɗorawa a kan baƙar laka. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, domin tun da can magina suna yin yaɓe da daɓe da makuba, suna kuma haɗa laso da katsin marina.

Abin lura shi ne, toka ita kaɗai ba ta cika wadatarwa ba. Allin da ke cikinta kaɗan ne, saboda haka rage yawan siminti take yi, ba ta maye gurbinsa ɗungurungum. A ganinmu, ta fi dacewa da shimfiɗar ƙarƙashi da hanyoyin karkara waɗanda manyan motoci ba su yawaita bi.