Ɗan Wani A Ɗakinka: Yadda Ake Riƙon 'Yan Wasan Ƙanƙara A Kanada

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin ilimin harshe da wasan da ake yi a kan ƙanƙara, a ƙasar da sanyinta kan daskarar da ruwa tun kafin ya kai ƙasa? Amsar ita ce, kalma ɗaya ce ta ja ni, daga nan kuma ta kai ni ga wani al'amari da ya fi wasan kansa girma.

Na taɓa yin hunturu guda a birnin Saskatun da ke lardin Saskacewan na ƙasar Kanada, inda na je wani aikin bincike. Maƙwabtana mata da miji ne da suka manyanta, 'ya'yansu duk sun kama gabansu. Amma kullum da asuba nakan ga wasu samari biyu majiya ƙarfi suna fitowa daga gidan, kowanne da ƙatuwar jaka da sanduna a kafaɗa. Na ɗauka jikoki ne. Da muka saba, sai matar ta shaida mini cewa babu dangin iya balle na baba tsakaninsu. 'Yan wasan hoki ne, wato wanda wasu ke kira ƙwallon gora, sai dai nasu a kan ƙanƙara ake yin sa, da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa. Ita kuma, in ji ta, uwar "bilet" ce gare su.

Wannan kalma ta "bilet" tana da tarihi mai ban mamaki. Daga tsohon Faransanci ta shigo Ingilishi, kuma asalin ma'anarta 'yar takarda. Daga baya sai ta zama sunan takardar da hukuma kan ba soja ya kai wa maigida, ana umurtarsa da ya ba shi masauki, ko yana so ko ba ya so. Abin ya ƙona wa mutane rai matuƙa, har ya shiga cikin ƙorafe-ƙorafen da Amurkawa suka jera wa Sarkin Ingila a 1776, sannan gyara na uku na tsarin mulkinsu, wanda aka tabbatar a 1791, ya haramta saukar da soja a gidan mutum lokacin zaman lafiya ba da yardarsa ba. To, yau kalmar da aka haifa cikin tilas ita ce Kanadawa ke amfani da ita ga iyalin da suka buɗe ƙofarsu don raɗin kansu suka karɓi ɗan wani. Mu masu nazarin harshe mun saba ganin ma'ana ta sauya, amma ba kasafai takan juya baya gaba ɗaya kamar haka ba.

Dalilin wannan tsari a fili yake. Kanada ƙasa ce mai faɗin gaske, kuma matakin da yaro kan bi kafin ya kai babbar gasar ƙwararru ta NHL shi ne wasan matasa 'yan shekara 16 zuwa 20. A saman wannan mataki akwai manyan gasa uku: ta Yamma, da ta Ontariyo, da ta Kwibek da lardunan gaɓar teku, masu ƙungiyoyi kimanin 60, waɗanda zakarunsu ke haɗuwa su nemi kofin Memorial da aka fara bayarwa tun 1919. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan gasa na larduna. Galibi yaro ba ya zaɓen garin da zai je, ƙungiya ce ke zaɓensa. Sai ka ga ɗan shekara 16 ya bar uwa da uba ya tafi garin da ke nesa da kilomita dubu, daga watan Agusta ko Satumba har zuwa bazara, yana buga wasanni barkatai yana kuma zuwa makarantar sakandare. Ƙungiya ba ta ajiye irin wannan yaro a otal ko gidan haya. Gidan mutane take kai shi.

Ko Wayne Gretzky, wanda ake ɗauka babu kamarsa a tarihin wasan, ya bar gidansu a Brantford yana ɗan shekara 14 ya zauna da wani iyali a Toronto. Sidney Crosby, ɗan lardin Nova Skoshiya mai magana da Ingilishi, ya yi shekara biyu daga 2003 a Rimuski, garin masu magana da Faransanci.

Abin da ake nema daga mai masauki shi ne ɗaki, da gado, da abinci, da sa ido. Ƙungiya kan ba shi 'yan ɗaruruwan daloli a wata da tikitin kallon wasa, amma maƙwabciyata ta yi dariya lokacin da na tambaye ta ko akwai riba. Ta ce in je in ga abin da yaro mai tasowa ke ci bayan ya yi awa biyu yana gudu a kan ƙanƙara, sannan in dawo mu yi lissafi. Sai dai abinci shi ne mafi sauƙin aikin. Ita ce ke sauraron ƙarar ƙofa da ƙarfe uku na dare idan motar ƙungiya ta dawo daga tafiya. Ita ce ke gane cewa yaro ya daina cin abinci tun da koci ya ajiye shi a benci. Mijinta ne ke zama da shi a asibiti idan ya karye. Wata rana kuma, ba zato ba tsammani, sai a buga waya a ce an musanya yaron da wani daga wata ƙungiya, ya haɗa kayansa kafin gari ya waye.

A ra'ayina, darajar wannan iyali ta taho ne daga abu guda: a cikin duk manyan da ke kewaye da yaron, su kaɗai ne ba su da abin da za su samu idan ya ci wasa. Koci yana tsoron kora, wakilin ɗan wasa yana jiran kasonsa, mai ƙungiya yana ƙirga 'yan kallo, kai, har iyayen da suka haife shi sau da yawa burinsu kan rufe musu ido. Uwar masauki kuwa tambayarta ita ce ko ya ci abinci, ko ya yi aikin makaranta.

Ba masu masauki kaɗai ke ɗauke da nauyin ba. A ƙananan garuruwa, ƙungiyar takan kasance mallakar al'umma, kuma masu aikin sa-kai ne ke tafiyar da ita: mai kula da agogon wasa, mai rubuta wanda ya ci da wanda ya taimaka, mai buɗe ƙofar wurin da ake tsare ɗan wasan da ya yi laifi, masu yanka tikiti, masu sayar da abinci, masu wanke riguna. A Saskacewan har akwai ƙungiyoyin da manoma ke noma musu gona kyauta a sayar da amfanin a biya bukatunsu. Filin wasan garin Humboldt ma sunan Elgar Petersen aka sa masa, mutumin da ya shafe shekaru masu yawa yana hidimar kayan 'yan wasa. Ba attajiri ba ne, ba kuma ɗan siyasa ba.

Wannan gari na Humboldt, mai mutane kusan 6,000, shi ya nuna wa duniya zurfin abin. Ranar 6 ga Afrilu, 2018, motar ƙungiyar Broncos tana hanyar zuwa Nipawin sai wata babbar motar kaya da ba ta tsaya a mahaɗa ba ta yi karo da ita. Mutum 16 suka rasu, 13 suka jikkata. Cikin mamatan akwai koci da mataimakinsa, da direba, da mai sharhin rediyo, da mai kula da lafiyar 'yan wasa, da Brody Hinz, matashi ɗan shekara 18 da ke rubuta alƙaluman wasa a matsayin aikin sa-kai. Yawancin 'yan wasan ba 'yan garin ba ne, saboda haka kusan kowane yaro gida biyu suka yi makokinsa: gidan da aka haife shi, da gidan da ya bar takalmansa a bakin ƙofa da safiyar ranar. An tara fiye da dala miliyan 15 ta Kanada ta intanet, mutane a faɗin ƙasar kuma suka riƙa jingine sandunan hoki a ƙofar gidajensu don juyayi.

Amma zan zalunci mai karatu idan na tsaya a nan, domin raba yaro da iyayensa yana da nasa haɗarin, kuma Kanada ta ɗanɗana kuɗarta. A 1997 aka ɗaure Graham James, tsohon kocin ƙungiyar Swift Current, bayan ya amsa laifin lalata da yaran da ke ƙarƙashinsa, ciki har da Sheldon Kennedy, wanda ya fito fili ya faɗi abin da aka yi masa. Gari guda ya yi shekaru yana yi wa kocin tafi saboda yana kawo nasara. Haka kuma a 2005, Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene ta nan Nijeriya, yana ɗan shekara 16 a ƙungiyar Windsor, ya ƙi yarda a cusa shi tsirara cikin banɗakin mota tare da sauran sababbin 'yan wasa, kamar yadda tsofaffin suka mayar al'ada. Sakamakonsa, wani abokin wasansa ya zubar masa da haƙora da sanda a wurin atisaye. Waɗannan abubuwa ba a gidajen masauki suka faru ba, amma sun nuna cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta tsare yaro. Shi ya sa a yanzu ƙungiyoyi kan nemi takardar shaidar 'yan sanda daga manyan da ke gidan, su aika jami'i ya duba ɗakin, su kuma gindaya dokar lokacin dawowa gida. Kennedy kansa ya koma aikin horar da koci-koci da iyaye kan gane alamun cin zarafi.

Duk lokacin da nake kallon samarin nan biyu, tunanina kan dawo gida. Mu ma muna da kalmominmu: riƙo, da mai masauki, da fatoma a zango, da uwar ɗaki wadda almajiri kan jingina da ita ya samu tuwon dare. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu yaro ya bar gida don neman abin da babu a garinsu, mutanen da ba su haife shi ba su ciyar da shi. Bambancin da na gani shi ne, a can akwai rajista: an san sunan yaron, an san gidan da yake kwana, an san wanda za a tuhuma idan ƙarfe goma sha ɗaya ta yi bai shigo ba, uwarsa kuma tana da lambar wayar uwar masaukinsa. Ba na cewa ɗan wasan hoki da almajiri abu ɗaya ne, ko kusa. Ina dai lura da cewa su da suka fi mu wadata ba su dogara ga amana kaɗai ba, sai da suka ɗaura mata bincike, kuma ba su yi hakan ba sai bayan da suka ga ɓarna da idonsu.

Kafin in baro Saskatun, kakar wasa ta ƙare, samarin suka tafi. Na shiga yi wa maƙwabtana sallama, sai na tarar da bangon matakalar gidan cike da hotunan yaran da suka riƙa a tsawon shekaru. Mijin ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana faɗa mini inda kowa yake: wannan malamin makaranta ne, wancan yana aikin wutar lantarki, wancan ya koma gonar ubansa. Ko ɗaya bai kai gasar NHL ba. Matar kuwa tana can ɗakin ƙasa tana cire zanen gado, domin jami'in ƙungiya ya riga ya bugo waya yana tambaya ko za su karɓi wasu biyu a watan Agusta.