Girki da ragowar abinci na haddasa saɓani a gidajen aure a Kaduna

A unguwannin da ke arewacin kogin Kaduna, irin su Tudun Wada da Kawo da Unguwar Rimi da Badarawa, akwai wani saɓani tsakanin miji da mata wanda ba kasafai yake kaiwa gaban alƙali ba, amma da wuya a samu gidan da bai taɓa leƙawa ba. Wannan kuwa shi ne saɓani a kan abincin da aka dafa ba a ci ba.

Maigida kan yi ƙorafin cewa da kyar yake samo kuɗin cefane, amma gari na wayewa sai ya ga an juye shinkafa a shara. Uwargida kuma kan ce ta wuni a bakin murhu, ta zuba masa nasa a kula ta rufe, shi kuwa sai ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya shigo ya ce a ƙoshe yake, alhali yana da waya a aljihu tun safe.

Kowannensu yana da gaskiya. Sai dai idan aka bi diddigin lamarin, za a ga cewa ba iya girki ko rashin iyawa ne tushensa ba. Har yanzu ana ɗora tukunya bisa ma'aunin gidan da, alhali hanyoyin da rarar abinci ke bi ta fita daga gidan sun tsuke.

Tukunyar da ba a auna ta

A al'adance, Bahaushe ba ya dafa abinci daidai da bakin mutanen gidansa. Abin kunya ne baƙo ya yi sallama a ce masa tuwo ya ƙare, kuma macen da ke auna tukunya cif-cif ta kan sha sunan marowaciya a wurin dangin miji. Don haka yarinya kan tashi tana ganin mahaifiyarta na ƙara hannu a kan abin da gida zai iya ci.

Amma a wancan tsari kusan babu abin da ke zuwa juji. Magidanta kan fito da kwanukansu zaure ko ƙofar gida a ci tare da maƙwabta da duk wanda hanya ta biyo da shi. Mata na yin ciyayya, wato a aika wa maƙwabciya kwano ita ma ta aiko da nata. Da magariba almajiri zai zo da robarsa. Tuwon da ya kwana shi ne ɗumamen safe, wanda mutane da yawa suka fi so a kan sabo. Abin da ya kama a gindin tukunya kuma a kankare shi a shanya ya zama ƙanzo, wata rana a jiƙa a yi kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli. Ɗan abin da ya saura na kaji ne da awaki.

Rayuwar birni ta rage yawancin waɗannan kafofi. Ma'aikacin da ke zaune a ciki da falo na haya ba shi da zaure, haka ma mai gida mai doguwar katanga da get a Malali. Rikice-rikicen da aka yi a birnin a shekarar 2000 da ta 2002 sun sa jama'a da dama sauya matsuguni, inda Musulmi suka fi tattaruwa a arewacin kogin, Kiristoci kuma a kudancinsa, kuma ciyayya abu ce da ke buƙatar daɗewar zaman tare. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta mayar da dubban almajirai jihohinsu, ko da yake ba a daina ganinsu a titunan birnin ba.

Hakazalika cimar kanta ta sauya. Tuwon masara ko na dawa na jure kwana. Dafa-dukan shinkafa da taliya ba su da wannan juriya, musamman a zafin watannin Maris da Afrilu, lokacin da abin da aka sauke da azahar ke iya yin tsami kafin asuba.

Firji ne ya kamata ya cike wannan giɓi, to amma firji sai da wuta. A ƙarshen watan Oktoba na 2024, sassa da yawa na arewacin Najeriya, har da Kaduna, sun shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon lantarki, ciki har da wanda ya taso daga Shiroro. Matan da ke zuwa aiki, waɗanda kan dafa miyar mako guda ranar Asabar su adana, su suka fi jin jiki. Su ɗin ma dama suna da tasu rigimar ta daban, domin akwai mazajen da ba sa cin miyar da ta kwana a firji.

Lokacin da loma ta yi tsada

Asarar da a da ake kau da kai a kanta, yanzu ana lissafa ta da naira. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayun 2023, farashin kayan masarufi ya tashi matuƙa, inda alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka nuna cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A watan Yulin wannan shekara ne aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000.

A gidaje da yawa kuɗin cefane bai bi sawun kasuwa ba. Wani magidancin ya daɗe rabonsa da tambayar kuɗin mudun wake a Kasuwar Kawo ko ta Sheikh Abubakar Gumi, don haka gani yake matarsa na almubazzaranci. Wani kuma shi ke yin cefanen da kansa, matar ba ta san nawa ya kashe ba, ballantana ta san cewa da bashi aka ɗauko buhun.

Matsalar ɓarnar abinci dai ba ta Kaduna kaɗai ba ce. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa an zubar da abincin da ya kai tan biliyan 1.05 a duniya a shekarar 2022, kuma kimanin kashi 60 cikin ɗari daga gidajen jama'a ya fito. Rahoton hukumar na 2021 ya ɗora Najeriya a kan kilo 189 ga kowane mutum a shekara. Sai dai ya kamata a lura cewa lissafin ya haɗa da abubuwan da ba a ci, kamar ɓawo da ƙashi.

Kwano a madadin baki

Babban abin da ke rura wutar shi ne yadda abinci ya zama hanyar isar da saƙon da aka ƙi faɗa da baki. A gidan Bahaushe, miji ya ƙi taɓa kwanonsa magana ce, kuma matar ta san haka. Saboda haka ko da gaske ne ya ci tsire a majalisa ko ya tsaya wurin mai shayi, ita abin da za ta fara tunani shi ne ta yi laifi, ko kuma akwai wata a waje. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya abin ya fi tsanani, domin ranar girki haƙƙi ne, kuma mijin da ya shigo a ƙoshe ranar girkin wata ya buɗe ƙofar zargin rashin adalci.

Su ma matan na amfani da tukunya su rama. Jinkirta abinci, ko maimaita miyar da aka san maigida ba ya so, duk hanyoyi ne na nuna fushi ga wadda aka tarbiyyantar a kan cewa mace ba ta mayar wa miji magana.

A ɗaya ɓangaren kuma, magidanta da dama na ganin cewa sanar da mata inda suke da lokacin da za su dawo tamkar zubar da girma ne. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya tun 2001, amma ba ta kawar da wannan tunani ba. Tun bayan buɗe layin dogo tsakanin Abuja da tashar Rigasa a 2016, Kaduna ta ƙara samun masu aiki a Abuja da ke dawowa gida ƙarshen mako. Akan shirya wa irin wannan magidanci girki na musamman ranar Juma'a, kuma idan tafiyar ta fasa, sau da yawa sai bayan an sauke tukunya ake jin labari.

Abin da malamai suka ce

Dukkan ɓangarorin biyu kan jawo addini ya tsaya musu. Mazan kan kafa hujja da aya ta 31 a Suratul A'araf, wadda ta halatta ci da sha ta kuma hana ɓarna. Matan kuma kan tunatar da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, wanda ke nuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa kushe abinci ba.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na jihar ke bi, ciyarwa wajibi ce a kan miji gwargwadon halinsa. Littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil sun ma ɗora wa miji mai wadata samar da mai aiki a gida. Idan babu wannan hali, ko matar ba ta cikin waɗanda aka saba yi wa hidima, to ayyukan cikin gida na komawa kanta bisa al'adar gari. A Shafi'iyya kuwa, ra'ayin da ya fi shahara shi ne girki kyautatawa ce daga mace, ba dole ba. Wannan bayani ba kasafai ake jin sa a nasihohin da ake yi wa amare ba.

Abin da ke isa kotuna irin ta Magajin Gari, kamar yadda kamfanin dillancin labarai na Najeriya ke yawan ruwaitowa, shi ne ƙarar rashin ciyarwa ko neman khul'i, domin waɗannan ne alƙali zai iya aunawa da mudu da naira. Rigimar ragowar abinci kuwa a hannun iyaye da waliyyai take ƙarewa, galibi bayan mace ta yi yaji an je biko. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tashi mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. A zaman sulhun akan ba wa mace haƙuri a ja wa miji kunne, amma da wuya a ji an tambayi nawa ne kuɗin cefanen, mutum nawa ake dafa wa, ko kuma ƙarfe nawa maigida ke sanar da cewa ba zai ci a gida ba.