Hani daban, rashi daban

Mai karatu, ka san hani da rashi ba ɗaya ba ne. Faransanci ma ya bambanta su. Shi da Sifaniyanci da Italiyanci duk ƴaƴan Latin ne, harshen Rumawan da.

A Latin, privare na nufin raba mutum da abinsa. Daga nan Faransanci ya samu priver, wato hanawa.

Rashi kuwa manquer ne. Asalinsa mancus, wato mai naƙasasshen hannu. Akwai kuma carere, rasa abu, wadda ta haifi carence.

To, in ka ga carence a takardar likita, jikinka ne ya rasa wani sinadari, kamar na ƙarfe mai ƙara jini. Kada ka tsorata. Tambayi likita abincin da zai cike rashin.